Kumbon Baffa da Ɗakin Iya

Da aka gama kwashe ƙasar ɗakin Iya, cikin kayan da aka tono har da wata tsohuwar kwalla mai murfi. Baffa ne ya kawo ta asibiti a leda, don Iya ta ishe shi da cigiyarta. Da na buɗe sai na ga allura da zare, da ƙullin kanwa, da maɓallan da rigunansu suka daɗe da mutuwa. A can ƙasa kuma ga mawus ɗin tsohuwar kwamfutar Baffa, wato ɗan abin nan da ake dannawa, an naɗe shi da wayarsa. Rabona da shi tun ina firamare. Na ɗora yatsa na danna, ya ce ƙwas, kamar jiya aka ajiye shi. Sai na mayar na rufe.

Bari in faɗa maka abin da ke cina tun kafin in yi nisa, mai karatu, don ba ni da ƙarfin kewaye-kewaye. Ranar da ɗakin ya faɗo mana, azara ta danne ƙafar Iya. Da aka kawo ta nan Rano, likita ya tambayi tsawon lokacin da ƙafar ta yi a danne, ya ce amsar ita za ta nuna masa irin maganin da zai yi. Ni kaɗai ce a ciki tare da ita, don haka kowa ya juyo ya dube ni. Na ce ba a daɗe ba. Ƙarya na yi. An daɗe, kuma ni na sa aka daɗe. Ranar da aka kawo kwallar nan kwanana uku ke nan ina ɗauke da maganar, ina kallon ƙafar tana ƙara kumbura. Ban san yadda zan bayyana abin da na yi a ɗakin ba sai na ba ka labarin wani wasa.

A Tarai na tashi, a ɗakin Iya, kakata ta wajen uba. Ana yaye ni aka miƙa mata ni, kamar yadda ake yi. Baffa wan mahaifina ne, malamin firamare, mutum mai sanyin magana. Shi ya sayo kwamfutar, ta hannu, a Kano, don ya riƙa buga tambayoyin jarrabawa. Gidanmu ba wuta, sai dai ya naɗe ta a zani ya ɗaure a bayan babur ya kai Kibiya wajen mai caji. In an cika batirin, abin da yake riƙewa bai fi a dafa shinkafa a sauke ba. Wasan a ciki Baffa ya same shi, wanda ya sayar masa bai goge ba.

Ba harbi a ciki, ba tsere. Wani ɗan sama jannati ne ya farka ya ga shi kaɗai a cikin kumbo, can sararin samaniya, injin ya tsaya, ƙofofi duk a kulle. Akwai ɗan farin hannu a fuskar kwamfutar, kana motsa mawus yana motsi. In ka danna wuri, mutumin ya taka ya je. In ka danna abu, ya ɗauka ya sa a aljihu, ko ya faɗi wata magana a kansa da Turanci. Aikinka ka duba ɗakin da kyau, ka tara abin da ka samu, ka gane wanne ne zai yi aiki da wanne, har ƙofa ta buɗe ka shiga na gaba. Shi ke nan wasan.

Da bazara muka fara. Ina tuna zafin nan da ake ji har cikin haƙori, ƙudaje sun yi lamo, kaji sun buɗe baki a gindin randa. Baffa zai shimfiɗa tabarma a rumfar ƙofar ɗakin Iya bayan an taso daga makaranta, ya ɗora kwamfutar a kan kujerar tsakar gida, ya sa wani tsohon littafi a ƙarƙashin mawus. Ni ke dannawa, shi yana fassara. Iya tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri, ta ce ita ba ruwanta da aikin banza, amma idonta yana kai.

In zan yi wa wasan adalci, dole in fara da kyawunsa. Akwai wata taga a ɗakin farko. In mutumin ya tsaya a gabanta, sai ka ga baƙin sarari ba iyaka, taurari ba sa ƙyaftawa, ga wata shuɗiyar duniya tana juyawa a hankali. Wani gunji ne ke tashi a ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa daga wata unguwa mai nisa. A cikin zafin nan in na kalli tagar sai in ji sanyi a bayan wuyana. Na sha ɓata batir a tsaye a wurin, Baffa bai taɓa hana ni ba. Kuma wasa ne da ba ya tsawa, ba ya korar kowa. Yarinya da malami da tsohuwa sun iya haɗa kai a kansa, kowa da abin da ya iya. Turancin da na fara ji da kaina a can na tsince shi, da ɗan ƙamus ɗin Baffa mai yagaggen bango.

Iya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta fi mu gane hankalin wasan, domin ita ma ba ta yar da komai. Muna wucewa za ta ce, "Koma ki ɗauki igiyar can, wata rana za a neme ta." Sau da yawa kuwa sai a neme ta. Sai dai halin mutumin bai taɓa yi mata ba.

"Wannan ɗan naku ba ya sallama ne?" in ji ta. "Ya faɗa ɗakin mutane ya yi ta kwasar kaya. Kuma tun da kuka kunna ban ga ya kai goshi ƙasa ba."

"Iya, a can ina zai ga gabas?"

"Wanda ya iya kai kansa sama ne zai rasa gabas? Kai dai ka ce ba shi da niyya."

Ranar da ya ɗauki tsani guda ya zura a aljihun wando, dariya ta sa ta zubar da rabin gyaɗar.

Akwai wata ƙofa mai murɗi da ta ƙi juyawa, muka yi kwana biyu a kanta. A aljihun mutumin akwai gwangwanin kifi, Baffa ya ɗauka na ci ne. Iya ta leƙo ta ce a buɗe gwangwanin a shafa wa murɗin man. Na gwada, ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Mako guda duk wadda ta shigo gidan sai ta ji cewa Iya ce ta buɗe wa Bature ƙofa a sama. Irin wannan wurin shi ne daɗin wasan, inda hankalin da aka samu a madafa yake aiki a cikin kumbo.

Amma ba ko'ina yake da hankali ba. Akwai makullin da ke bayan wani gilashi, ga guduma a aljihun mutumin, amma ya ƙi fasawa. Duk abin da ka ba shi sai ya girgiza kai ya maimaita magana ɗaya, wadda Baffa ya fassara da "wannan ba zai yiwu ba". Har ta zama maganar gidanmu, in aka aiki wani ya ji ƙyuya sai ya faɗe ta. Ashe so ake ka ɓamɓaro cingam daga ƙarƙashin wata kujera, ka liƙa a bakin waya, ka zura ta wata kafa. Wa zai yi tunanin haka? Hanya ɗaya tak wanda ya ƙirƙiri wasan ya yarda da ita, ko taka ta fi tasa kyau ba za ta karɓu ba. Ga tafiyar mutumin kamar mai jin yunwa, kana kallo yana jan ƙafa daga wannan bango zuwa wancan, batir yana zurarewa.

Inda ya fi gajiyar da mu wani ɗan fiyus ne na wutar injin kumbon. Mun san shi ake nema, ba mu san inda yake ba. Aka yi ruwan shuka muna wurin, aka yi noman farko muna wurin. Da damina kai caji ya yi wuya, sai a yi mako ba a kunna ba. Baffa ya ce idonsa ya gaji, Iya ta ce a bar mutumin ya ji da kansa. Ni na ƙi. Na riƙa bin fuskar kwamfutar da ɗan hannun nan layi-layi, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ran nan gero ya fara fitar da kai, na same shi a wani lungu mai duhu, bai fi ƙwayar dawa ba. Ba wayo ba ne ya ba ni, naci ne kawai, kuma wasan da zai ɓoye abu haka bai kyauta ba. Amma Baffa ya dafa kaina ya ce, "Yarinyar nan ba ta ruɗewa. Ba ta kiran kowa, sai ta gano da kanta." Dama ni mai shiru ce, kowa yana yabon ba a jin muryata a gida. Na ɗauki maganar Baffa na haɗa da wancan yabon na adana. Da ita na yi sakandare, da ita nake warware lissafi ni kaɗai ba na ɗaga hannu.

Sai kuma jar fitilar. Tun daga ɗaki na biyu akwai wata jar fitila da ke walƙiya, wata murya tana ta faɗin iskar shaƙa ta kusa ƙarewa. Ranar farko kuka na fara, ina danne-danne ba kan gado, don ina ganin mutumin zai mutu a hannuna. Baffa ya ce in saki mawus ɗin. Ya tashi ya yi alwala, ya yi la'asar, ya dawo. Fitilar tana nan tana walƙiya, mutumin yana tsaye yana sosa ƙeya, ba abin da ya same shi. "Kin gani?" in ji shi. "Ban tsoro ne kawai. Ba abin da zai faru sai kin danna." Wata biyar iskar nan tana kusa da ƙarewa, ba ta ƙare ba. A lokacin na ɗauka wannan ma yana cikin kirkin wasan.

Bayan an yi girbi muka gama shi. Mutumin ya danna wani babban maɓalli, kumbon ya juya, sai rubutu ya fara hawa. Iya ta jira, ta ga ba ƙari. Ta ce, "Au, ba za a nuna ya isa gida ba? Duk wahalar nan ko ruwa ba wanda ya miƙa masa." Ba a jima ba fuskar kwamfutar ta yi layi-layi ta mutu. Ban san Iya ta adana mawus ɗin ba.

To, bana. Kwana uku aka yi ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ɗakin Iya na ƙasa ne, rufin azara, an sha cewa ta koma na bulo ta ce a ciki ta haifi 'ya'yanta. Ranar matan gidan sun tafi gaisuwar rasuwa Unguwar Gai, maza suna gona suna buɗe wa ruwa hanya. Mun idar da azahar ke nan, ina naɗe sallaya, sai na ji wani nishi daga bangon ƙofa. Kafin in juya ya zauna, rufin ya biyo shi ta wannan ɓangaren. Da ƙurar ta lafa na ga ni ko ƙwarzane babu. Ƙofa ta toshe. Haske kaɗan yana shigowa ta 'yar tagar sama. Iya tana kwance a ƙasa, azara a kan ƙaurinta, idonta a rufe, amma tana numfashi.

Na kira jama'a sau biyu, da muryar da nake sallama da ita a gidan mutane. Ruwa yana dukan kwanon maƙwabta, ba wanda ya ji. Sai wata natsuwa ta sauko mini, wadda har yanzu in na tuna ta tsigar jikina ke tashi. Na tsaya na dubi ɗakin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga sandar Iya, ga igiyar shanya, ga dutsen niƙan da take ajiye a bayan gado, ga ƙarfen gadon kansa. Na ce a raina, duk abin da ake buƙata yana cikin ɗakin nan. Na gwada sanda ta karye. Na zauna na kwance ƙarfen gado da wuƙar yankan kuɓewa, wannan kaɗai ya ci lokaci mai yawa. Na mirgino dutsen niƙa na tura ƙarƙashin azarar, na zura ƙarfen na danna da dukkan nauyina. Ta ɗan motsa ta koma. Na sauya wuri, na sake. Na ɗaura igiya na ja. Ina yi ina tunani a tsanake, kamar wadda aka ba jarrabawa. Ban ji lokaci yana tafiya ba, wallahi ban ji ba, sai da kiran la'asar ya shigo ta tagar.

Shi ya farkar da Iya. Ta dube ni, ta dubi ƙarfen da ke hannuna.

"Me kike yi?"

"Ɗagawa zan yi, Iya. Na kusa gano yadda za a yi."

"Ke da wa?"

Ta ja numfashi, ta kai yatsu ta toshe hanci, ta rangaɗa guɗa. Ashe a zamaninta ita ce mai guɗar unguwar, ba a kai amarya sai da ita. Ni ban taɓa jin ta yi ba, ta daina tun rasuwar kakana. Muryar ta ratsa ruwan kamar an tsaga ƙyalle. Ta yi sau uku. Maƙwabciyarmu ta ce da ta ji sai ta ce wane ne ke biki a cikin wannan ruwa ba a gaya mata ba, ta yafa buhu ta leƙo ta katanga. Kafin wani lokaci maza sun cika gidan da fatanya da shebur. Abin da na kasa tun azahar, sun gama shi kafin a idar da salla a masallaci.

Wani magini a cikinsu ya ce dutsen niƙan da na tura shi ya tare azarar, da ba don shi ba da suka taɓa ƙasar sama za ta ƙarasa sauka ta raba ƙafar biyu. Kowa ya yi ta sa mini albarka. Baffa ya ce dama ya san ni. Da wannan yabon a kunnena muka iso gaban likita, shi ya sa bakina ya ce ba a daɗe ba.

Washegarin ranar da aka kawo kwallar, da likita ya zo zagayen safe, na miƙe. Baffa yana tsaye a bakin gadon. Na ce tun bayan azahar ne har la'asar, kuma ban yi ihu ba. Muryata ta yi ƙasa har sai da ya ce in maimaita. Bai yi faɗa ba. Ya ce da na faɗa tun ranar, ya yi rubutu mai tsawo, ya sa a ɗebi jini da fitsari, aka ƙara mata ruwa. Daga baya ya ce ƙodarta ta ɗan taɓu, irin abin da ke biyo bayan doguwar dannewa, amma yana ganin an tare shi. Ƙafar kuma ya ce sai an ga yadda kwanaki za su yi. Baffa ya fita ya daɗe a waje.

Da muka rage mu biyu na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ai ina ji lokacin da kika ce ba a daɗe ba. Da kunnena na ji kiran la'asar a ɗakin."

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Iya?"

"In ƙaryata jikata a gaban baƙo? Ƙafa ce, ina da wata." Ta juya kai ta kalli bango. "Tashi, kin danne mini robar ƙarin ruwa."

Yau kwanan Iya takwas a gadon nan. Kumburin ya fara saɓewa, yatsu biyu dai har yanzu ba ta jin su. Ba na iya zama a ɗaki a rufe ƙofa, in gajimare ya haɗu sai in yi ta kallon rufi. Na yi ta auna wasan nan a raina, na rasa inda zan ajiye shi. Shi ya koya mini in dubi dutsen niƙa in ga abin tokare azara, kuma shi ya koya mini cewa haɗari yana jira har ka gama tunani, kuma ba kowa a bayan bango. Ban ce laifinsa ba ne. An yi shi don a huta da rana, ni ce na ɗauke shi karatu.

An ce ɗakin da bulo za a mayar da shi, Iya ba ta yi musu ba wannan karon. Yaran gidanmu yanzu a waya suke wasa, irin wanda in ka yi jinkirin ƙiftawar ido ka mutu, ba mai haƙurin neman fiyus wata biyu. Bikin unguwarmu kuma lasifika ake ɗaukowa, cikin sa'o'ina ban san ko mutum ɗaya da ta iya guɗa ba. Na san sunan ƙofar kumbo da Turanci, amma muryata ba ta iya tsallake katanga.

Jiya na ce Iya ta nuna mini yadda ake yi. Ta kama yatsuna ta ɗora a hancina, ta ce daga ciki ake ɗaukowa ba daga maƙogwaro ba, kuma mai kunya ba ta yi. Ma'aikaciyar jinya ta ce don Allah ba a nan ba. Na zagaya bayan ɗakin, wajen da ake shanya, na duba ba kowa, na gwada. Akwai wata kaza tana tono a gindin bango, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na tsaya na huta, na sake.